Shin Unguwa Tana Jawo Ciwon Damuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Kakuri, cikin garin Kaduna. Mata da yawa a layinmu suna kukan rashin barci da faɗuwar gaba, wasu kuma likita ya ce musu ciwon damuwa ne. Na ji an ce masana suna auna talaucin unguwa su danganta shi da irin wannan ciwo. Yaya ake awon, kuma da gaske unguwa ce ke jawo shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ana yin awon ne ta hanyar tattara alamomi da dama, domin kuɗin aljihu kaɗai ba ya bayyana halin da mazauna wuri suke ciki. A Ingila, alal misali, ana raba ƙasar zuwa ƙananan yankuna masu mutane kimanin 1,500, a duba fannoni bakwai: kuɗin shiga, aikin yi, ilimi, lafiya, aikata laifuka, samun muhalli da hidimomi, da yanayin kewaye. A gida Najeriya, rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya bi irin wannan hanya, inda ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, sai dai bai sauko har matakin unguwa ba, kuma a nan ne nake ganin giɓin yake, domin jimillar jiha takan haɗa unguwar masu hali kamar Unguwar Rimi da ta masu ƙaramin ƙarfi kamar Rigasa a buhu ɗaya.

Gaskiya ne cewa ciwon damuwa da na fargaba sun fi yawa a wuraren da rashi ya yi katutu, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ke da kike Kakuri kin san abin da rufe masaƙu ya yi wa gidaje: magidancin da ya saba karɓar albashi ya koma neman na yau da ƙyar, iyali suka cunkushe a ɗaki ɗaya, ga bashin haya, ga tsoron 'yan sara-suka da dare. Zuciyar da ke kwana da wannan shekara da shekaru dole ta gaji. Amma kada a ɗora wa unguwa laifin duka, saboda alaƙar tana tafiya ta ɓangarori biyu: wanda ciwon ya hana shi aiki yakan ƙaura zuwa inda haya ke da sauƙi, sai ƙididdiga ta same shi a can. Sannan ma'aunin bai cika kama zumunci ba, alhali adashen mata da maƙwabciyar da za a bar wa yara suna rage nauyi sosai.

Matan da kika ambata su fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Idan rashin barci da ƙuncin zuciya suka wuce mako biyu, ko kuma tunanin halaka kai ya shigo, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba shi da nisa da ku, kuma ba sai wanda hankalinsa ya gushe ake kaiwa can ba.