Kun Tambaya: Allon tunawa da mutumin da ba a taɓa haifa ba

TAMBAYA: Malam, na ga hoton wani shuɗin allo a bangon wani gida a Landan, wai nan ne Sherlock Holmes ya zauna daga 1881 zuwa 1904. Ashe dai mutumin gaske ne? (Wani ɗalibi, Zariya)

AMSA: Ko kusa, ɗan'uwa. Holmes ƙagaggen mai binciken laifi ne, marubuci Arthur Conan Doyle ya fito da shi a 1887, ya ba shi gida mai lamba 221B a titin Baker. A lokacin ma lambobin titin ba su kai 221 ba. Sai a shekarun 1930 aka sake su, lambar ta faɗa kan ginin kamfanin da daga baya ya zama Abbey National, wanda har ya ɗauki ma'aikaci don amsa wasiƙun da ake aiko wa Holmes. Gidan da ka gani gidan tarihi ne da aka buɗe a 1990, yana tsakanin lamba 237 da 241.

Allon kuma ba na hukuma ba ne, kama kawai ya yi. Tsarin shuɗin allo na Landan, wanda ake kafawa don tunawa da fitattun mutane, ya fara a 1866, yanzu yana hannun hukumar English Heritage. Sharaɗinta, sai mutum ya shekara 20 da rasuwa, kuma ginin da ya zauna ko ya yi aiki a ciki yana nan tsaye. Wanda bai rayu ba, ina zai rasu? Doyle dai yana da nasa a unguwar South Norwood.

TAMBAYA: To idan ƙungiyar masu karatu na son kafa irinsa, ta ina za ta fara, kuma me ya fi lalata shi? (Wata malamar makaranta)

AMSA: Malama, a fara da wurin. Dole ya zama wanda littafin ya ambata ƙarara. Shi ya sa allon asibitin St Bartholomew's a Landan ya zauna daram, don a can labarin ya fara haɗa Holmes da abokinsa Dakta Watson. Haka na magangarar ruwan Reichenbach a Suwizalan, inda Holmes ya yi artabu da abokin gābarsa Farfesa Moriarty. Daga nan sai rubutaccen izinin mai ginin, da na ƙaramar hukuma idan ginin na tarihi ne.

Rubutun ya zama gajere, kamar kalma 20, yadda za a karanta daga bakin titi. A ganinmu wajibi ne a sa sunan marubuci da shekarar littafin, da sunan ƙungiyar da ta kafa. Rashin hakan ne ya ruɗi mai tambayarmu na farko.

Sai abin da za a yi shi da shi. Na English Heritage yumɓu ne gasasshe, faɗinsa kusan santimita 49, kaurinsa 5. Ana fafe bango a dasa shi ciki da kwaɓi, ba a ɗaure shi da kusa, shi ya sa yake daɗewa kuma cire shi ke da wuya. Tagulla ta fi kwarjini, amma tana da matsala biyu: ruwan sama na sa ta yin kore har ta ɓata bango, ga kuma masu sace ta su sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Maganin na farko, a wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a bari ta bushe, a shafa kakin zuma siriri sau ɗaya ko biyu a shekara. Kada a goge da yashi ko soson ƙarfe. Kada kuma a ɗaure ta da kusoshin ƙarfe na gama-gari, domin inda ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu da danshi, kusar ce ke cinyewa da tsatsa, allon ya saki. A nemi na tagulla ko na ƙarfe marar tsatsa.

Akwai kuma ɓarnar masoya. A Berona ta Italiya, mutum-mutumin Juliet, jarumar wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Romeo da Juliet, ya sha shafa a hannun masu yawon buɗe ido har ya fara ƙwaƙulewa, aka cire shi a 2014 aka sa kwafinsa. Allo dai a ɗaga shi sama da inda hannu ke kaiwa, kuma tun ranar kafawa a rubuta wanda kulawa ke wuyansa da inda kuɗin gyara zai fito.