Hukuncin rubuta BC da AD ko BCE da CE a darasin tarihi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar tarihi ce, ni nake rubuta wa ɗalibaina abin da za su karanta da Turanci, kuma babu wanda ya gindaya min salon da zan bi. In zan ce an gina babbar dalar Giza ta Masar wajajen shekara ta 2560 sai in rasa BC zan sa ko BCE, wani abokin aikina yace BCE da CE na waɗanda ke son cire addini daga komai ne, gara in tsaya kan BC da AD. Dan Allah wanne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abin da na riƙe a tambayarki shi ne ke kike rubutawa kuma zaɓi yana hannunki, hukuncin a nan yake. Da naƙalto maganar wani littafi kike, ko hukumar jarrabawa ce ta ɗora miki, sai ince rubuta yadda kika tarar ki ƙi shi a zuciyarki. Amma tunda ke ce mai zaɓi, sa CE da BCE, ki bar AD.

Lissafin ɗaya ne babu ko kwana guda tsakaninsu, lafazi ne ya bambanta. BC dai ma'anarta kafin Almasihu, mu ma muna kiransa Almasihu Isa ɗan Maryam (AS) kamar yadda yake a Ali Imrana, wannan babu laifi. AD kuwa Latin ce, Anno Domini, wato a shekarar Ubangiji, kuma Annabi Isa ake nufi, wani malamin coci Dionysius Exiguus ne ya tsara ta a shekarar 525. Ba sai na kawo miki ayoyin da suka hana kiran Annabi Isa Ubangiji ba, kin san su. CE kuwa Common Era ce, wato zamanin da kowa ke lissafi da shi, BCE kuma kafin wannan zamanin. Ban ce wanda ya rubuta AD bai san ma'anarta ba ya yi shirka ba, a'a, amma wanda ya sani kuma ga mafita a gabansa, me zai sa ya riƙa maimaita ta a allo kullum?

Toh maganar abokin aikinki, na san da kishin addini ya faɗe ta kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayin ba, sai dai bata tsayu ba. Ce masa wane addinin ake karewa da AD? Ba kowane lafazi mai ƙamshin addini ne ya fi wanda babu addini a cikinsa ba, lafazin da ya yi shiru bai faɗi ƙarya ba ya fi wanda ya ambaci Ubangiji ya jingina sunan ga bawansa. Sannan ba mulhidai suka fara yaɗa CE ba, malaman Yahudawa sun daɗe suna amfani da ita tun ƙarni na 19 saboda irin wannan damuwar taki, ba sa son alƙalaminsu ya furta abin da ba su yarda da shi ba. Ko ma a ce wani yau yana amfani da ita da mugun nufi, nufinsa nasa ne, ba ya haramta miki kalmar da ma'anarta kawai zamanin da kowa ke lissafi da shi. Duba sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira, Suhail bin Amr ya ƙi a rubuta Manzon Allah, Annabi (SAW) ya yarda aka rubuta Muhammad ɗan Abdullahi, domin abin da aka rubuta ɗin gaskiya ne duk da bai ƙunshi dukkan gaskiyar ba. Lafazin ɓarna kuwa bai taɓa yarda da shi ba.

Duk wannan a darasin tarihi ne, amma azumi, hajji, iddar da ake ƙirgawa da wata da shekarar zakka da watannin Hijira ake lissafinsu, wannan babu saɓani.

Sai ki kula da wasu abubuwa da baki tambaya ba. In kina bayani da Hausa kika ce kafin haihuwar Annabi Isa, ki gaya wa yara ƙiyasi ne, don masana tarihi da yawa suna cewa sarki Hirudus wanda ake danganta haihuwar da zamaninsa ya mutu a shekara ta 4 BCE. Babu kuma shekarar sifili, daga 5 BCE zuwa 5 CE shekara 9 ne ba 10 ba. Kar ki yanke wa annabawa shekara da yaƙini, ko kice Iskandar na Makidoniya da ya mutu a 323 BCE shi ne Zulƙarnaini. Ɗalibin da ya rubuta AD kuma kar ki rage masa maki ko ki kunyata shi, musamman in Kirista ne, aji ba filin muhawara bane. Abokin aikinki ma ki masa bayani ku biyu cikin mutunci. In kin iso kan shekarar 622, shekarar da aka yi Hijira, ki ɗan tsaya ki faɗa musu yadda Sayyidina Umar ya tsayar da lissafin Hijira a zamanin halifancinsa. Wallahu a'alam.