Tambaya da Amsa: Me Ake Samu a Laburaren Jama'a Bayan Aron Littafi?

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo sun karkata ne ga batu guda, wato laburaren jama'a da irin hidimomin da yake yi wa mutanen da ke kewaye da shi. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su ba tare da mun taɓa manufar masu su ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, babban yana da shekara tara, autar kuwa ba ta cika uku ba. Na ga sanarwa a ƙofar laburaren da ke kusa da mu cewa ana karanta wa ƙananan yara labarai sau ɗaya a mako. A sanina laburare wuri ne na shiru inda ɗalibai ke zuwa bitar jarrabawa. Yarinyar da ba ta san harafi ko ɗaya ba, me za ta ƙaru da shi a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yadda kika ɗauki laburare haka mutane da yawa suka ɗauke shi, kuma abin yana da asali, domin a ƙarshen ƙarni na 19 laburare da dama a Amurka ba sa barin ƙananan yara su shiga sam. Daga cikin waɗanda suka yi tsayin daka wajen kawar da wannan shinge akwai Anne Carroll Moore, wadda aka damƙa wa sashen yara na laburaren birnin New York a 1906, ta soke ƙa'idar shekaru, ta kuma mayar da zaman ba da labari wani ɓangare na aikin yau da kullum. Daga baya abin ya zama ginshiƙi, har ta kai sanarwar da hukumar UNESCO da ƙungiyar laburare ta duniya, IFLA, suka fitar a 1994 ta sanya cusa wa yara ɗabi'ar karatu tun suna ƙanana a matsayin na farko cikin ayyukan laburaren jama'a.

Game da autarki, yaro da kunne yake fara koyon karatu tun kafin ido ya shiga aikin. Idan ana karanta mata littafi mai hotuna, za ta riƙa jin kalmomin da ba kasafai suke fitowa a hirar gida ba, za ta gane cewa waɗannan baƙaƙen da ke kan takarda magana suke ɗauke da ita, cewa shafi yana bin shafi, kuma labari yana da farko da ƙarshe da ya kamata a saurara a ji. Yaron da ya shiga makaranta da wannan guzuri ya riga ya yi nisa tun ranar farko. Wannan fahimta ce ta sa aka fara shirin Bookstart a birnin Birmingham na Ingila a 1992, inda ake ba jarirai littattafai tun ba su fara magana ba.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi na farkon girma, shi ne abin da ke kanki za ki koya. Ki lura da yadda mai karatun yake dakatawa ya tambayi yara abin da suke gani a hoto, yadda yake sauya murya, da yadda yake barin yaro ya cike masa ƙarshen jimlar da aka maimaita. Zaman mako-mako na kamar rabin awa ne, amma idan kika ɗauki salon kika koma da shi gida, ya zama na kullum. Kada kuma ki damu da batun hayaniya, domin galibi ana ware wa yara sashensu ko lokacinsu, kuma ma'aikatan da suka shirya zama don 'yan shekara biyu da uku sun san za a yi kuka, za a tashi a zagaya.

Shi kuwa babban, ki tambaya masa shirin karatu na lokacin dogon hutu, wanda ake yi saboda yaron da ya yi makonni bai buɗe littafi ba karatunsa yakan ja da baya. Roƙona a nan shi ne ki bar shi ya zaɓi littafinsa da kansa, ko da ya ɗauko wanda kike ganin ya yi masa sauƙi ko ya cika hotuna.

Tambaya: Na kammala makaranta shekara biyu ke nan ina neman aiki, ba ni da kwamfuta, kuma kusan duk takardun neman aiki yanzu ta intanet ake cike su. An ce mini laburare zai taimaka, amma ina tsoron kada a nemi kuɗin da ba ni da shi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita ta alheri. Tushen laburaren jama'a shi ne a shiga kyauta, kuma ita waccan sanarwa ta 1994 ta faɗi haka ƙarara. Dalili kuwa shi ne da kuɗin jama'a ake tafiyar da shi. Tun a 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta ba garuruwa izinin amfani da haraji wajen kafa laburare, kuma attajirin nan Andrew Carnegie, wanda da dukiyarsa aka gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, bai yarda ya ba gari kuɗin gini ba sai garin ya samar da fili, ya ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ginin kowace shekara wajen kula da shi, ya kuma buɗe shi ga kowa. Saboda haka in ka shiga, ka shiga da ƙafar dama, domin haƙƙinka ne kake amfani da shi. Abin da aka fi biya shi ne buga takarda ko kwafinta, a wasu wurare kuma akwai ɗan kuɗin yin katin aro, wanda za ka iya tambaya tun a bakin ƙofa.

Laburare da yawa suna da kwamfutoci da intanet da ake ba mutum na wani ƙayyadadden lokaci, suna shirya azuzuwan koyon kwamfuta daga matakin riƙe linzamin kwamfuta (mouse) zuwa buɗe adireshin imel, wasu kuma suna da ranakun da ake zama da masu neman aiki a duba musu takardar tarihin karatu da aikinsu, a kuma gwada musu irin tambayoyin da ake yi a ganawar ɗaukar ma'aikata. Wasu sun wuce nan nesa. Laburaren Oodi da aka buɗe a Helsinki, babban birnin Finland, a Disambar 2018 yana da kekunan ɗinki da ɗakunan ɗaukar sauti da kowa zai iya amfani da su. A birnin Berkeley na Amurka tun 1979 ake ba da aron kayan aikin hannu kamar zarto da guduma yadda ake ba da aron littafi. Laburaren San Francisco kuwa a 2009 ya ɗauki ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta dindindin, bayan an lura da yawan marasa matsuguni da ke wuni a cikinsa.

Waɗannan misalai ne na wuraren da ke da ƙarfi, kuma abin da kowane laburare zai iya yi ya danganta da kasafin da aka ba shi. Amma akwai abin da ko mafi ƙanƙanta yake da shi, wato ma'aikacin da aka horar don ya haɗa mutum da bayanin da yake nema. Mutane da yawa sukan wuce teburinsa su yi ta lalube a kantoci su fita hannu rabbana, alhali matambayi ba ya ɓata. Ka gaya masa ainihin buƙatarka dalla-dalla, misali irin aikin da kake nema da ranar da za a rufe karɓar takardu. In laburaren yana bin tsarin da Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma, to littattafan kwamfuta suna wajen lamba 004 zuwa 006, na noma suna 630, na tafiyar da kasuwanci kuma suna 650. In babu littafin da kake so, ka tambaya ko suna aro daga wani laburare, domin wannan tsari ne da aka daɗe ana yi.

Tambaya: Na ari littafi kusan shekara biyu da suka wuce ban mayar ba, yanzu kunya da tsoron tara sun hana ni komawa.

Amsa: Malam, ka ɗauki littafin ka mayar, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru. Ma'aikatan sun fi buƙatar littafin da kai kanka a kan tarar. Laburaren Chicago a 2019 da na New York a 2021 sun soke tarar jinkiri gaba ɗaya, bayan sun ga cewa masu ƙaramin ƙarfi take kora. In naku yana karɓa har yanzu, ka nemi sassauci ko a raba maka biyan. In kuwa littafin ya ɓace ne, ka tambaya ko za su karɓi wani kwafi a madadinsa.

Tambaya: Ni dattijo ne, na yi ritaya daga aikin koyarwa bayan shekaru masu yawa. Idanuna sun yi rauni, ƙananan rubutu yana ba ni wahala, tafiya mai nisa ma haka. Ina son karatu, ina kuma son abin da na sani ya amfani wasu kafin ƙarfina ya ƙare. Laburare yana da gurbi ga irina?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yana da gurbi ta ɓangarorin biyu da kuka ambata. Ta fuskar ido, ku tambayi littattafan da aka buga da manyan haruffa, da littattafan saurare da aka karanta aka naɗa, da kuma waɗanda ake karantawa a waya ko kwamfuta, inda mutum zai ƙara girman rubutu yadda ya ga dama. Hanya ta ƙara buɗewa bayan yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta kuma ba ƙasashen da suka shiga damar mayar da littattafai zuwa rubutun makafi ko sauti da musayarsu a tsakaninsu ba tare da haƙƙin mallaka ya tsaya a gaba ba. Ta fuskar tafiya kuwa, wasu laburare suna kai wa tsofaffi da marasa lafiya littattafai har gida, wasu kuma suna da motar da ke zagayawa. Tunanin cewa littafi ya bi mai karatu inda yake ya kai hukumar laburare ta Kenya ga amfani da raƙuma a yankin Garissa, kamar yadda wani malamin makaranta a Kolombiya, Luis Soriano, ya riƙa ɗora littattafai a kan jakuna biyu yana kai wa yaran ƙauyuka.

Ɓangare na biyu na tambayarku shi ne ya fi taɓa ni, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma yawancin shirye-shiryen laburare a kafaɗar masu aikin sa-kai suke tsaye. Malamin da ya yi shekaru a gaban allo zai iya zama da yara bayan an tashi makaranta ya taimaka musu da aikin gida, ko ya koyar da manyan da ba su samu damar karatu da ƙuruciya ba, waɗanda sau da yawa sun fi sakewa a gaban dattijo a kan matashi. Akwai kuma laburaren da ke naɗar hirarrakin tsofaffi su adana a matsayin tarihin wurin, domin abin da kuka gani da idonku ba ya cikin kowane littafi. A Denmark ma a shekarar 2000 aka fara wani shiri inda mutum ne ake arowa maimakon littafi, a zauna da shi na ɗan lokaci a yi masa tambayoyi game da rayuwarsa, kuma shirin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Shawarata ita ce ku je wa shugaban laburaren da abu takamaimai a rubuce, shafi ɗaya ya isa: abin da za ku koyar, waɗanda za ku koyar, rana da lokaci, da adadin mutanen da za ku iya ɗauka a zama guda. Ku fara da kaɗan, ko da mutum biyar ne, na tsawon wata uku, domin ƙaramin zaman da ba ya fashi ya fi amfani ga ɗalibi a kan babban da zai watse bayan mako biyu. Kada ranku ya ɓaci in aka nemi shaidar wanda ya san ku kafin a haɗa ku da yara, domin ƙa'ida ce da ke hawa kan kowa don kare su. Ku kuma riƙa rubuta adadin waɗanda suka halarta a kowane zama ku miƙa wa ma'aikata, saboda da irin waɗannan alƙaluma suke kare shirye-shiryensu a gaban masu raba kasafin kuɗi. In kuna da littattafan da kuke son bayarwa, ku fara kai musu jerin sunayensu su zaɓi waɗanda suke buƙata, domin wurin ajiyarsu yana da iyaka. Ranar farko kuwa ku tafi da katin shaida da wata takarda mai nuna inda kuke zaune, waɗanda su ne aka fi nema kafin a yi wa mutum katin aro.