Anti, soshiyoloji ba shi da nasa ne sai aro?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Likitanci na nema amma jami'a ta ba ni soshiyoloji, yanzu a aji ɗaya sai ga shi ana ta cusa mana ƙididdiga da tarihi da tattalin arziki har da saikoloji, wallahi na rasa ina aka dosa. Wai kwas ɗin ba shi da nasa ne sai aro?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Soshiyoloji zaman jama'a yake nazari, jama'a kuwa ai da cinikinsu da addininsu da tarihinsu da cutarsu suke zaune, to dole ki leƙa kowace rumfa. Tun asali haka ya taso, Ibn Khaldun, masanin nan haifaffen Tunis, tarihi ya zauna rubutawa a 1377, sai ya ga labarin sarakuna ba zai fahimtu ba sai an gane abin da ke haɗa kan ƙabila har ta kafa daula. Shi kuma Durkheim na Faransa a 1897 alƙaluman masu kashe kansu ya tattara, abin da kowa ke ɗauka ciwon zuciyar mutum ɗaya ne, ya nuna adadin na hawa inda zumunci ya yi sanyi.

Amma likitancin da kika so shi ya fi tsaya min a rai. Ki tuna 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, magani na nan a cikin ƙanƙara, ma'aikaciya na ƙofar gida da 'yar kwalbarta, amma uwa ta tura yaro ɗaki ta ce baya nan, saboda jita-jitar hana haihuwa ga kuma tabon gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 bai warke a zukata ba. Wannan fa ba ciwon da ake gani a lab ba ne, yarda ce ta ɓace, sai da aka bi ta hannun sarakuna da malamai da masu unguwanni kafin ƙofofi suka fara buɗewa, har aka kai 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali, wato wild polio. Sanin wa ake jin maganarsa a unguwa, wannan aikinku ne.

Don Allah ki riƙe ƙididdigar nan da hannu biyu kar ki riƙa gudun ajin, da ita za ki iya yin digiri na biyu a lafiyar al'umma in har yanzu zuciyarki na asibiti.