Amsa daga Zangon Kumasi: ɗa ma yana juya iyayensa

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce da ka zo biki unguwar Aboabo a Kumasi daga Kano ka ga uwa tana yi wa ɗanta Hausa yana mayar mata da Tonanci, yaren Asantawa, har ita ma ta koma tana binsa da yaren. Ka kuma ga yara da yawa a hannun gwaggo ko kaka, iyayensu na raye a gari ɗaya. Kana tambaya: ko mun saki tarbiyya ne? Ba mu sake ta ba. Abin da idonka ya gani shi ne yadda ɗa ke sauya iyayensa, kuma zaman Zango yana fito da hakan fili fiye da zaman cikin ganuwa.

Fara da gidan kansa. Yawancinmu a Aboabo, Asawase da Sabon Zango gidan haya muke: ɗaki ɗaya ko ciki da falo ga kowane iyali, tsakar gida ɗaya, maƙwabcinka Bamoshe ne ko Badagombe ko Batone. Uwa ba a kulle take ba, tun da asuba tana kan tukunyar koko ko ta wuce kasuwar Kejetia. Yaro yana shekara 4 ya shiga ajin share fage, wanda gwamnatin Ghana ta sanya cikin karatun dole, ya wuni cikin Turanci da Tonanci, da yamma ko Asabar da Lahadi ya je makarantar allo. Yaren da ya dawo da shi gida ya fi na uwarsa yawan sa'o'i a kunnensa. Uwar da ke sauri ta fi son a gane ta nan take, sai ta bi shi. Bayan shekara biyu uku gidan ya sauya yare ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba. Gidajen da suka riƙe Hausa abu ɗaya suke yi: in yaro ya nemi ruwa da Tonanci, a maimaita masa buƙatar da Hausa, ya faɗa, a ba shi. Ba tsawa, ba dariya. In aka yi masa dariya don ya ce "mata ya zo", kamar yadda Hausar nan take, sai ya ƙi buɗe baki gaban baƙin Kano ɗungum.

Masu bincike sun daɗe da kama wannan zare. A 1968 wani masani a Amurka, Richard Bell, ya ce ana karanta alaƙar iyaye masu zafi da 'ya'ya masu taurin kai ta gefe ɗaya kawai, alhali ta yiwu taurin kan ɗan ne ya jawo zafin. A 1986 a Kanada aka gwada: aka haɗa uwaye da yara maza, wasu masu ƙiriniya ƙwarai wasu masu sauƙin kai, kowace uwa ta zauna da nata da kuma na wasu. Duk uwayen, har waɗanda nasu 'ya'yan ba su da matsala, sun fi yin faɗa da ba da umarni in suka haɗu da mai ƙiriniya. Amma uwar mai ƙiriniyar ta fi tsananta wa nata a kan na wata mai irin halinsa. Ke nan halin yaro yana aiki, abin da ya taru tsakaninsu shi ma yana aiki.

Gerald Patterson, da ya riƙa lura da iyalai cikin gidajensu a Oregon, ya nuna yadda abin ke taruwa. Uwa ta ce a ajiye waya. Yaro ya fasa ihu. Ta ɗaga murya, ya ƙara nasa, ta gaji ta ƙyale. Shi ya koyi cewa ihu na biya, ita ta koyi cewa janyewa na kawo shiru. A gidan haya wannan ya fi muni, domin ƙofofi goma na sauraro, kunya kuma tana sa uwa ta janye da wuri, ko ta kai hannu da ƙarfin da bai dace ba. Gobe ihun ya fi na yau.

Nan riƙo yake shigowa, kuma a ganinmu hikimarsa ta fi yadda ake ɗaukarta. Mariƙiya ba ta da wancan tsohon lissafi da yaron, shi ma bai san inda take janyewa ba, sai a fara da sabon shafi. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Zangon Kumasi a shekarun 1960 kafin ta je Kano nazarin tallan yara da matan kulle, ta rubuta a kan wannan riƙo namu. Akan bayar da yaro ne bayan ya yi wayo, wajen shekara 5 zuwa 7, ga kaka, gwaggo, ko malami.

Riƙon yana lalacewa ta hanya uku. In an gaya wa yaro cewa don ya gagara ne aka tura shi, zai tafi da fushi ya dawo da shi. In gidan iyayen na kusa, kuma duk ranar da aka tsawata masa ya ruga aka karɓe shi da abinci, an mayar da shi kan tsohon darasin ihu. Na uku shi ne mafi ciwo: mariƙiya mai sana'a da hannun aiki take nema, yarinya ta tashi ƙarfe huɗu hura wutar wake da shinkafa, ta yi gyangyaɗi a aji, ta faɗi BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare. Shi ya sa dattawan da suka san abin suke zaunar da ɓangarorin biyu kafin a ɗauki jakar yaro, a faɗi wa zai sayi littattafai da kayan makaranta, ƙarfe nawa aiki zai tsaya, da kuma ranakun da zai je gaida uwarsa.