Tsakuwar Ƙoda: Zoɓo, Nono da Maganin Gora

Tambaya: Likita, gaskiya ne shan zoɓo na hana tsakuwar ƙoda? (Ɗan acaɓa, Garwa)

Amsa: Zoɓo na ɗauke da sinadaran antioksidan masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, haka ma tsamiya da gwaba da mangwaro. Sai dai yawancin gwaje-gwajen da suka nuna suna hana tsakuwa a kan ɓeraye aka yi su. Abin da muka tabbatar a jikin ɗan Adam shi ne ruwa. Kai da kake wuni a rana cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka sha har fitsarinka ya yi fari-fari, ya kai lita 2 zuwa 2.5 a kwana. Sha zoɓonka, amma rage sukari. In ka ga jini a fitsari, ka zo asibiti.

Tambaya: An cire wa maigidana tsakuwa. In daina ba shi nono? (Wata Hajiya, Marwa)

Amsa: A'a, Hajiya. Kalsiyam ɗin nono yana kama sinadarin okzalet, wanda ke haɗa tsakuwa, tun a hanji, ya hana shi isa ƙoda. Gishiri, dunƙule da kilishi za ki rage masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana. Alayyafo da shayi mai kauri ma a sassauta.

Tambaya: Lemun tsami fa? (Ɗaliba, Ngaundere)

Amsa: Yana taimakawa, sinadarin sitret da ke cikinsa na hana tsakuwa haɗuwa. Matsa shi a ruwan sha.

Tambaya: An yi wa babana hoto a Njamena, aka ga tsakuwa milimita 9. Wani mai magani a tasha ya sayar mana da gorar jiƙo da kanwa, ya ce cike take da antioksidan, za ta narkar da ita. Muna haɗa masa da ƙwayar bitamin C. Yanzu ga zazzaɓi, ga amai, fitsari kaɗan-kaɗan. (Wani matashi, Kusiri)

Amsa: Ɗana, ajiye wayar nan ka kai Baba asibiti yau, ba gobe ba. Zazzaɓi tare da ciwon kwiɓi ga mai tsakuwa yana nufin mai yiwuwa hanyar fitsari ta toshe, ƙwayoyin cuta sun taru a bayanta. Daga nan suna iya shiga jini, kuma wannan yana kisa.

Wallahi masu gorar nan sun ishe ni. Sun tsinci kalmar likitoci suna cin kasuwa da ita. Kusan 8 cikin 10 na tsakuwar ƙoda ta kalsiyam ce, kuma babu jiƙon da ke narkar da ita. Ta yurik asid (wani sinadari da jiki ke fitarwa ta fitsari) ce ake iya narkarwa, ita ma da maganin da likita ya auna yana bibiyar fitsari. Wadda ba ta kai milimita 5 ba takan fita da kanta, shi ya sa mai gora yake samun shaidu: da an sha ruwa zalla ma da ta fito. Mai milimita 9 kuwa sau da yawa sai an fasa ta ko an ciro ta.

Kanwa gishiri ce, ƙarin kaya ce ga ƙodar da ta riga ta jigata. Abin da ke cikin jiƙon, mai shi ma bai auna ba. Bitamin C kuma, in ya yi yawa jiki na mai da shi okzalet. Wani bincike a Suwidin a 2013 ya gano mazan da ke shan ƙwayarsa sun ninka sauran wajen samun tsakuwa. Na cikin gwaba da lemu ba ya wannan ɓarna.

Kada ku ƙara masa maganin ciwo diklofenak na kan tebur kafin a duba aikin ƙodarsa. Ku tafi da takardar hoton da gorar kanta, likita ya ga abin da ya sha. In fitsari ya tsaya cak, ko cikin dare ne ku fita.