Jitar Squier da Epiphone: jabu ce ko ta asali?

Tambaya: Wani mai karatu daga Damagaram ya rubuto cewa ya ga jita a shago, an rubuta Squier a kanta da manyan baƙaƙe, da sunan Fender ƙanana a gefe, amma a bayan jitar an nuna ƙirar Indonesiya ce, kuma kuɗinta ya yi araha ƙwarai. Yana son sanin ko jabu ce, da kuma dalilin da zai sa kamfani mai tsohon suna ya sayar da kayan da ba shi ya ƙera a gida ba.

Amsa: Malam, wannan jita ba jabu ba ce. Squier mallakar Fender ne, kamar yadda Epiphone yake mallakar Gibson, duka biyun manyan kamfanonin jita ne na Amurka, kuma da saninsu ake ƙera su a ƙasashen Asiya.

Asalin lamarin gasa ce. A shekarun 1970 masana'antun Japan sun ƙware wajen kwaikwayon jitocin Amurka, suna sayar da su da rahusa, wasu ma ingancinsu ya kai na asalin, har ta kai a 1977 kamfanin da ya mallaki Gibson ya maka dillalin jitocin Ibanez na Japan da ke Amurka a kotu kan siffar kan jita. Shari'a ba ta hana masu saye bin araha ba. Fender, wanda a lokacin yana hannun kamfanin watsa labarai na CBS kuma ana ta ƙorafi kan ingancin kayansa, sai ya ga gara ya haɗa kai da masu kwaikwayon nasa, don haka a 1982 ya ba masana'antar FujiGen ta Japan aikin ƙera masa jitoci, ya farfaɗo da sunan Squier, wani tsohon kamfanin tsirkiya na jihar Michigan da ya saya tun 1965. Gibson ya riga shi, domin ya sayi Epiphone a 1957, ya mayar da ƙirarsa Japan a 1970. Da kuɗin ƙwadago ya tashi a Japan sai aikin ya koma Koriya ta Kudu, daga nan China da Indonesiya.

Lissafin kamfanonin ba ɓoyayye ba ne. Matashin da ya fara koyo ba zai iya sayen Stratocaster, shahararriyar jitar Fender, ƙirar garin Corona na Kalifoniya ba, amma idan hannunsa ya saba da siffarta tun yana ɗalibi, ranar da ya samu wadata ita zai nema. Sanya wa mai arahar suna daban kuma yana kare martabar babban sunan.

Inda ake rage kuɗin shi ne abin da ya kamata ka duba da idonka, domin siffar da awon kusan ɗaya ne. Ka bi gefen wuyan jitar da yatsa daga sama har ƙasa: idan bakin ƙarafan da aka jera a kai yana kartar fata, ba a goge su da kyau ba, kuma wannan yakan ƙaru a lokacin hunturu idan katako ya bushe ya tsuke. Ka murɗa makullan ɗaure tsirkiya ka ji ko suna da sako-sako, sannan ka sa a jona ta da lasifika, ka juya maɓallan ƙara, ka saurari ko akwai ƙarar tartsatsi. Na'urorin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiya su ma galibi na araha ne, sai dai ana iya sauya su daga baya, wuyan da ya karkace kuwa gyaransa da wuya. A ganina, Squier ɗin da gwani ya daidaita ta fi Fender mai tsada da aka bari ba gyara daɗin kaɗawa.

Jabun gaske ita ce wadda aka rubuta mata Gibson ko Fender tsagwaronsa, aka ce ƙirar Amurka ce, alhali kuɗinta na Epiphone ne ko ƙasa da haka. Gibson ba ya ƙera jita mai ɗauke da sunansa a China. Idan ka ci karo da irinta a kasuwa ko cikin kayan gwanjo, ka duba lambar da ke kan jitar ka gwada ta da bayanan kamfanin kafin ka biya.